Wuƙar aljihu ta Faransa: wacce zan saya, kuma me zan duba a jikinta?

Tambaya: A Maraɗi nake zaune. Yayana zai je Faransa kwas na wata uku, ina so ya sayo mini wuƙar aljihu mai naɗewa, irin wadda ake yi da hannu, wadda zan riƙe shekara da shekaru. Na ga sunaye barkatai, Laguiole, Opinel, Nontron, Le Thiers, farashi kuma daga Yuro 15 har sama da 300. Wasu ƙotar ƙaho, wasu itace, wasu ƙashi. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, na daɗe ina wasa wuƙaƙe ina gyara ƙotarsu, kuma irin waɗannan na Faransa sun sha ratsa hannuna, na ƙwarai da na jabu. Farkon abin da zan roƙe ka shi ne kada ka aiki yayanka da sunan wuƙa kawai. Idan ka ce masa "sayo mini Laguiole" ka yi shiru, zai iya dawo maka da abin da inji ya buga a Chaina ko Pakistan, da sunan ɓaro-ɓaro a jiki. Dalili kuwa, Laguiole ba sunan kamfani ba ne. Sunan ƙauye ne, kuma sunan siffar wuƙa, shekaru masu yawa kowa na buga shi a kan hajarsa. Su kansu maƙeran Faransa sai da suka kai juna gaban kotu a kan wanda ya cancanci sunan. Abin da za ka aike shi da shi shi ne sunan maƙeri, da irin ƙarfen, da irin ƙotar, da yadda wuƙar ke tsayawa idan an buɗe ta. Waɗannan huɗun su ne wuƙa. Sauran ado ne, kuma ado na da daɗi, amma a bayansu yake zuwa.

Kafin siffa, mu yi maganar aiki. Waɗannan wuƙaƙe an yi su ne don abinci da ƙananan hidimomi: yanka burodi da cuku a wurinsu, a wurinmu kuma fere mangwaro, yanka tsire da kilishi, tsaga goro, datse igiya, feƙe fensir. Ba na yanka ragon layya ba ne. Ruwansu gajere ne, kuma yawancinsu ba su da makulli na gaske, idan dabba ta motsa wuƙar na iya naɗewa a kan yatsunka. Wannan aikin a bar wa doguwar wuƙar mahauta.

Hanyar da ruwan wuƙa ke tsayawa ita ce ta raba wuƙaƙen Faransa gida-gida. Akwai masu sifirin a baya, wani siririn ƙarfe da ya bi gadon bayan ƙota yana danne gindin ruwan. Ba ya kulle shi, amma sai ka sa ƙarfi kafin ya naɗe. Faransawa na kiran wannan cran forcé, kuma shi ne na Laguiole da Douk-Douk. Akwai masu zobe a wuya, kana buɗewa ka murɗa zoben ya tare ruwan, irin Opinel da Nontron. Akwai kuma tsofaffin da ba sifirin ba zobe, matsewar ƙusa ce kawai ke riƙe ruwan, kamar Capucin ta duwatsun Pyrénées. Maƙeran yanzu sun ƙara da makullai na zamani a wasu samfura. Idan hannunka bai saba da wuƙa mai sifirin ba, ko kana da yara masu ɗaukar kayanka, mai zobe ko mai makulli ta fi kwanciyar hankali.

Bari in daɗe a kan Laguiole, don na san ita ce ta ja idonka. Faransawa na furta sunan "Layol". Ƙauyen yana jihar Aveyron, a kan tudun Aubrac da ke kudancin ƙasar, ƙasar makiyaya mai sanyi, kusan mita 1,000 sama da teku. Ana danganta wuƙar farko ga wani maƙeri, Pierre-Jean Calmels, a shekarar 1829. Wadda aka sani yau siririya ce, ƙotarta ta ɗan lanƙwasa kamar ƙafar barewa, ruwanta mai tsini da ɗan karkata irin wanda suke kira yatagan. Wajen 1840 aka ƙara mata basilla a baya, ba don ɗinki ba: idan saniya ta ci ɗanyar ciyawa cikinta ya kumbura, makiyayi na huda tumbinta ta gefen hagu iska ta fita. Duk wanda ya zauna da Fulani a farkon damina ya san wannan ciwo. Wajen 1880 kuma aka ƙara murɗaɗɗen ƙarfen cire toshiyar kwalba, saboda 'yan Aveyron da yawa sun tafi ci-rani Paris suna aiki a gidajen shaye-shaye. Shi ya sa za ka ji ana cewa mai yanki ɗaya, mai biyu, mai uku. Murɗaɗɗen nan na kwalbar giya ne, ba shi da aiki a aljihunka, kuma yana cin tafin hannu idan ka riƙe wuƙar da ƙarfi. Ka ce a sayo mai yanki ɗaya, ruwa kawai. Ta fi sauƙi, ta fi daɗin riƙo, kuɗinta ma ya fi sauƙi.

A kan sifirin, daidai inda ruwa ya haɗu da ƙota, akwai ɗan ƙarfe mai siffar ƙwaro. Wasu su ce ƙudan zuma, wasu su ce ƙuda. Masu talla na ba da labarin wai Napoleon ne ya ba mutanen garin wannan alama saboda jaruntarsu. Tatsuniya ce, kada ta sa a ƙara maka ko sisi. Kuma ganin ƙudan zuma ba shaidar asali ba ne, jabu ma duk suna da shi. Abin dubawa shi ne yadda aka yi shi. A wuƙa ta ƙwarai, ƙwaron da sifirin ƙarfe ɗaya ne, an buge kan sifirin ya faɗaɗa sannan aka sassaƙa shi da magagari. Suna cewa abeille forgée. A mai araha, an buga ƙwaron daban an liƙa shi da walda. Idan ka duba ta ƙarƙashin fukafukan za ka ga layin haɗin. Na liƙe ba lallai ya faɗi ba, akwai maƙeran Faransa na gaskiya da ke yin sa a ƙananan samfuransu, amma kada a karɓi kuɗin na ƙira a ba ka na walda.

Haka zanen da ke bin bayan sifirin. Na hannu, da magagari aka yi shi, tsaga bayan tsaga, kuma idan ka ƙura ido za ka ga ba su zama daidai wa daida ba, wata ta ɗan fi wata zurfi. Na inji kuwa sumul yake, marar zurfi, iri ɗaya a kan wuƙa dubu. A manyan maƙeru, mutum ɗaya ne ke haɗa wuƙa daga farko har ƙarshe, wasu har da zanensu na kansu da ake gane su da shi. Wannan shi ne abin da kake biya idan an ce aikin hannu: ba wai mutum ya narka ƙarfe da kansa ba, don yawancin ruwan wuƙaƙen daga falle ake yanko su, a'a, haɗawa da daidaitawa da sassaƙar ƙota da gogewa su ne na hannu.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani tun kafin a sayo. A gefe ɗaya na ƙotar Laguiole da yawa akwai ƙananan ƙusoshi da aka jera suka yi siffar gicciye. Suna kiransa gicciyen makiyayi, ana kuma cewa makiyayan Aubrac kan kafa wuƙar a burodi su yi addu'a a gabanta idan suna nesa da coci. Idan ba ka son wannan a kayanka, akwai samfura da yawa da ba su da shi, kuma mai shago zai gane idan an ce masa sans croix. Gara a faɗa tun a can da a kawo ta ka ajiye a akwati.

Girma kuma, ana auna Laguiole ne a naɗe. Santimita 12 ita ce ta gargajiya, ta cika hannun namiji. Ta 11 ta fi zama lafiya a aljihun gaban riga. Ta 13 ta fara nauyi. Sannan a tambaya ko tana da butée, wato ɗan tokari a ciki da ke hana kaifi dukan sifirin idan an rufe. Tsohuwar ƙira ba ta da shi, shi ya sa mutanen Aubrac ke da karin magana cewa sifirin da ba ya ƙara shi ke tsufa: ka raka ruwan da yatsu har ya kwanta, kada ka sake shi ya faɗa da kansa. Na ga wuƙaƙe masu tsada da kaifinsu ya dakushe wuri guda kusa da tsini, ba don aiki ba, don mai su na jin daɗin ƙarar rufewa.

Sunayen da za ka iya ba yayanka, waɗanda ke buga sunansu a gindin ruwa: Forge de Laguiole, wadda aka buɗe a ƙauyen a 1987 lokacin da aka farfaɗo da sana'ar bayan ta kusa mutuwa a can, Honoré Durand, ita ma a ƙauyen, Laguiole en Aubrac da ke Espalion, ba nisa, sai Fontenille Pataud a Thiers, wadda ta yi suna da Laguiole mai makulli. Ba su kaɗai ba ne, amma duk wanda ya riƙe ɗaya daga cikinsu ya san ma'aunin da zai auna saura.

Na ambaci Thiers, kuma dole in tsaya a kanta, domin wasu na ɗauka Laguiole da aka yi a Thiers jabu ce. Ba haka ba ne. Thiers, ana furta shi "Tiyer", gari ne a yankin Auvergne da ya shafe ƙarnuka yana ƙira, kuma fiye da rabin wuƙaƙen da ake yi a Faransa daga can suke fitowa. Kogin Durolle ne ya yi garin: a da ruwansa ke juya manyan duwatsun wasa, masu wasa kuma su kwanta rubda-ciki a kan katako bisa dutsen, wuni guda cikin sanyi da danshi, har sukan koya wa kare kwanciya a kan ƙafafunsu don ɗumi. A tsawon shekarun da maƙerun ƙauyen Laguiole suka yi sanyi a ƙarni na 20, Thiers ce ta riƙe wuƙar ba ta ɓace ba. Abin mamaki, garin da ya yi wa kowane yanki wuƙarsa bai da tasa sai 1994, lokacin da ƙungiyar maƙeransa ta fitar da Le Thiers. Siffarta ba hayaniya: layi mai lanƙwasa biyu daga tsini zuwa gindi, ƙota mai ɗan faɗi, da alamar harafin T da ɗigo. A nan sunan na da mai shi. Ba wanda zai buga shi sai ƙungiyar ta duba samfurinsa ta amince, kuma sai an yi aikin a yankin Thiers. Saboda haka haɗarin jabu ya ragu ƙwarai. Chambriard, Goyon-Chazeau da Claude Dozorme duk suna yin ta. A hannuna Le Thiers ta fi Laguiole daɗin aiki, domin ƙotar Laguiole siririya ce, idan hannu ya yi maiƙo tana juyawa. Laguiole ta fi ta kyan gani, wannan ba gardama.

Nontron kuwa daga yankin Périgord take, kuma ana ɗaukar ta a matsayin mafi tsufa cikin wuƙaƙen aljihu na ƙasar. Ƙotarta itacen buis ne, rawaya mai tauri da ake shanyawa shekaru kafin a taɓa shi, an yi mata zane da wuta: wata alama kamar V a kife da ɗige-ɗige. Gindin ƙotar iri-iri ne, akwai mai dunƙule, akwai mai siffar wutsiyar kifi, akwai mai kamar takalmin katako. Zobe ne makullinta. Ba nauyi, ba ƙyalli, kuma itacen na rikiɗa zuwa launin zuma idan hannu ya daɗe yana shafarsa. Mai son abin da ba kowa ke da shi ba, ga ta.

Opinel ita ce ta Yuro 15 da ka gani, kuma gaskiya ba aikin hannu ba ce, masana'anta ce ke fitar da ita a Chambéry. Amma kada ka raina ta. Joseph Opinel ya fara ta a 1890 a yankin Savoie, a 1897 ya jera ta lamba 1 zuwa 12, a 1909 ya yi rajistar tambarin hannu mai kambi da ke jikin ruwan, sai a 1955 ɗansa Marcel ya ƙara zoben kullewa. Lamba 8, mai ruwa santimita 8.5, ita ce ta kowa. Ruwanta siriri ne, shi ya sa take yanka fiye da wuƙaƙen da suka ninka ta kuɗi sau goma. Aibinta ɗaya: ruwan a cikin itace tsagwaro yake juyawa, ba ƙarfe a tsakani, idan damina ta zauna itacen ya sha danshi sai ta ƙi buɗewa. Maganin da mutanen Savoie suka sani shi ne a buga gindin ƙotar a kan tebur, tsinin ya leƙo.

Douk-Douk ma 'yar masana'anta ce, amma tana da tarihi da ya taɓo mu. Gidan Cognet na Thiers ya fitar da ita a 1929 don kasuwar tsibiran Melanesiya, da hoton wani dodon can a jikin ƙotar. Ba ta karɓu a can ba, sai ta sami kasuwa a Arewacin Afirka da sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka. Da yake Musulmi da yawa ba sa son hoton halitta a kayansu, sai aka yi wata mai suna El Baraka, aka sa mata tambarin nan na Agadas da maƙeran azurfa na Abzinawa ke ƙerawa. Falle ɗaya na ƙarfe aka ninke ya zama ƙota, sai ruwa, sifirin mai ƙarfi, ƙusa biyu da ɗan marataya. Ba abin da zai tsage, ba abin da zai kumbura. Sai dai a yi hattara da yatsu wajen rufe ta.

Akwai wasu da yawa, kusan kowane yanki da tasa: Vendetta ta tsibirin Kosika, Aurillac, Yssingeaux, Alpin, Pradel. Idan ɗaya ta burge yayanka, ma'aunin dai ɗaya ne.

Yanzu ƙarfe. Kashi biyu ne, kuma za a ga an rubuta a jiki: carbone ko inox. Carbone, wanda aka fi sani da XC75, ƙarfe ne mai kabon kusan kashi 0.75 cikin ɗari, ba abin da ke kare shi daga tsatsa. Yana ɗaukar kaifi kamar aska, kuma ko a gindin kofin tangaran za ka iya tayar da shi cikin minti biyu. Amma ka yanka lemo ko albasa ko mangwaro, nan take zai yi shuɗi-shuɗi, daga baya ya koma toka-toka, kuma farkon amfani yana barin ɗanɗanon ƙarfe a 'ya'yan itace. Wannan duhun ba lalacewa ba ne, yana ma ɗan kare shi. Jan tsatsa ce abokiyar gaba, ita kuma gumin aljihu a watan bazara ya ishe ta. Inox shi ne wanda aka sa wa kuromiyom, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, don ya jure ruwa. Wanda maƙeran Faransa suka fi amfani da shi shi ne 12C27 da kamfanin Sandvik ya ƙirƙiro a Suwidin, mai kabon kashi 0.6 da kuromiyom 13.5, ƙanensa 14C28N ya ɗan fi shi riƙe kaifi, Forge de Laguiole kuma na da nata da take kira T12. Dukkansu suna wasuwa a dutse na gida ba wahala. RWL34 ya fi su riƙe kaifi nesa ba kusa ba, amma yana da tsada kuma yana son dutse mai kyau da haƙuri. Ga wanda wuƙarsa za ta taɓa abinci kullum ta koma aljihu, inox nake ba da shawara. Idan aka ga an rubuta 440 kawai ba sunan maƙeri, a ajiye ta.

Damas, mai zane kamar igiyar ruwa, ƙarfe iri biyu ne aka jera aka ninka aka buge. Kyau kake saye, ba ƙarin kaifi ba, kuma yana iya ninka kuɗin wuƙa. Damas mai araha kuwa shi ne inda aka fi cutar mutane: wani zane ne kawai aka ci da asid a fuska, wani kuma ƙarfen banza ne da ba a gasa shi yadda ya kamata ba.

Ƙota ita ce inda zamanka a Maraɗi ya shigo, kuma a nan ne shawarar mai shago a Paris ba za ta wadatar ba, don bai san hunturu ba. Ƙaho shi ne na gargajiya, kuma da yawa daga ƙahon da ake sa wa Laguiole yau na shanu masu tozo ne, irin namu, ba na shanun Aubrac ba. Iri biyu ne. Pointe de corne daga tsinin ƙaho ake yanko shi, inda yake a cike ba rami. Shi ne mai kyau, mai launi daga fari-fari zuwa baƙi, ba biyu da suka yi kama. Corne pressée kuwa daga ɓangaren da ke da rami ne, an gasa shi an danne ya miƙe. Wannan bai manta lanƙwasarsa ba, ya ji zafi ko bushewa sai ya nemi komawa yadda yake. To amma ko tsinin ƙaho, abin da aka yi farce da shi ne aka yi shi, yana shan danshi yana saki. Wuƙar da aka haɗa a tudu mai sanyi da raɓa, ta zo ta tarar da iskar Janairu ta bushe ƙarau, ƙahon zai tsuke. Sai ka ji gefen ƙarfen ciki yana kartar yatsa, wani lokaci tsaga ta fito daga bakin ƙusa. Ya faru da ni a kan wata mai baƙin ƙaho da nake ji da ita: na bar ta a mota wuni ɗaya cikin hunturu, rana ta bugi gilashi, da yamma na tarar da tsaga kamar gashi daga ƙusar tsakiya. Na cike ta da gam, tana aiki har yau, amma raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tun daga ranar ba na ba mutumin ƙasarmu shawarar ƙaho sai na tabbata zai kula da shi.

Itace ya fi haƙuri, amma ba duka ba. Wanda na fi yarda da shi shi ne genévrier, wanda ake kuma kira cade: yana da mai a jikinsa, ba ya yawan motsi, yana da ƙulle-ƙulle masu kyau, kuma yana ƙamshi kamar masoro shekaru bayan saye. Zaitun na da zane mai ɗaukar ido, yana da kyau idan an shanya shi sosai. Ébène, baƙin itacen nan dangin kanya, yana da nauyi da kwarjini, sai dai tauri ya sa shi gautsi, bushewa na tsaga shi. Mafi aminci duka shi ne abin da suke kira bois stabilisé, itacen da aka ɗura wa gam ya ratsa shi har ciki, ba ruwansa da damina ba ruwansa da hunturu. Ya rasa ɗan ɗumin itace a tafin hannu, wannan ne kuɗin da ka biya.

Ƙashi, na saniya ko na raƙumi, bai cika motsi kamar ƙaho ba, amma farinsa na shan maiƙo. Manja ya taɓa shi, ya zauna ke nan. Ƙahon barewar Turai, bois de cerf, yana da kaushi mai hana santsi kuma yana da juriya. Sai kalma ɗaya da nake so yayanka ya haddace: phacochère. Haƙorin gadu ne, fari sumul kamar hauren giwa, ana sa shi a wuƙaƙe masu tsada, kuma wanda bai san kalmar ba zai ɗauka ƙashi ne. Hauren giwa kuwa kada ma a fara. An hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989. Ana sayar da na mammouth, wata giwar dā da ake tono haurenta daga ƙanƙarar Saberiya, amma tsada gare shi, yana tsagewa a bushewa, kuma jami'in kwastan ba lallai ya bambanta shi da na giwa ba.

Kan ƙota da gindinta sau da yawa akwai hular ƙarfe, mitres. Suna kare ƙota idan wuƙar ta faɗi a siminti. Na tagulla na da kyau da itace mai duhu amma gumi na sa su dushe, sai an riƙa gogewa. Na inox ba ruwansu. A tabbatar dai ƙarfe ne cikakke, ba falle da aka lulluɓa ba. Nauyi a hannu zai faɗa.

A shago, ga abin da yayanka zai yi, kuma ba ya buƙatar ya zama gwani. Ya ɗaga wuƙar a buɗe ya kalli haske ta bayanta: kada haske ya ratsa tsakanin sifirin da ƙarfen gefe. Ya kama tsini da yatsu biyu ya girgiza hagu da dama: kada ya ji motsi. Ya rufe ya duba ko ruwan ya kwanta a tsakiya bai jingina da gefe ba, kuma tsinin ya ɓuya sarai, don tsinin da ya leƙo shi ke yaga aljihu da yatsa. Ya shafa babban yatsa a kan ƙusoshi da inda ƙota ta haɗu da hular ƙarfe: kada ya ji tudu. Ya karanta gindin ruwa: sunan maƙeri da sunan ƙarfe. Takardar shaida a cikin kwali ba hujja ba ce ita kaɗai, jabu ma na zuwa da takarda mai hatimi. Ya nemi shagon wuƙaƙe na gaske, coutellerie, ba rumfar tsaraba kusa da tashar jirgi ba. Laguiole ta hannu da aka yi a Faransa da wuya ta sauko ƙasa da Yuro 100 sosai. Wadda aka ce Yuro 20, araha ba ta ado.

Da ni ne kai, ga saƙon da zan rubuta masa: Laguiole santimita 12, yanki ɗaya, abeille forgée, ƙarfe 12C27 ko 14C28N ko T12, ƙotar genévrier ko bois stabilisé, hular inox, mai butée, sans croix, daga ɗaya cikin maƙeran da na ambata. Idan bai samu ba, Le Thiers mai irin wannan ƙarfe da ƙota. Sannan ya ƙara Opinel lamba 8 ko El Baraka da canjin da ya rage, don ita za ka miƙa wa mai aro, ita za ta yanke waya da kwali, mai tsadar ta huta.

Ka gaya masa kuma kada ya riƙa yawo da ita a aljihu a can. Dokar Faransa na ɗaukar wuƙa a matsayin makami, ɗaukar ta a titi ba tare da dalili karɓaɓɓe ba laifi ne. Ya bar ta a kwalinta da rasit, ranar dawowa kuma ta shiga babbar jakar da ake aunawa, ba ta hannu ba, in ba haka ba za a karɓe ta a filin jirgi.

Idan ta iso, kada ta shiga ruwan wanke-wanke. A goge ruwan da ɗanyen tsumma a busar. Ɗigon mai ɗaya a mahaɗa duk bayan wata biyu ya isa. Da shigowar hunturu ka shafa wa ƙotar ɗan man kaɗe ko kakin zuma, kaɗan ƙwarai, ka goge da ƙyalle, ka kuma nisanta ta da rana da cikin mota. Wajen wasawa, dutse mai laushi da ruwa, ka kwantar da ruwan kamar digiri 20 kowane gefe. Kada ka kai ta wurin mai injin wasa na kasuwa: dutsen na gudu da zafi, cikin daƙiƙa kaɗan zai ƙona bakin ƙarfen ya yi shuɗi ya yi laushi, ya kuma cinye maka faɗin ruwan da zai kai ka shekara goma.